Goggo Safara'u da Furar da Ta Je Delhi

Idan ka shiga gidan Goggo Safara'u a Tsanyawa ka ce mata za ka ƙasar waje kana son guzuri, ba da murna za ta fara ba. Za ta jingine taɓarya, ta goge hannu da gefen zani, ta ce, "Kai tsaye ne, ko za a sauke ku a hanya?" In ka ce ba ka sani ba, to ka ja wa kanka. Korar ka za ta yi ka je ka ɗauko tikitinka a karanta mata, sannan a zauna a yi magana.

Goggon nan tawa ce, ƙanwar mahaifina Malam Sama'ilu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kuwa sunana Khalilu, malamin lissafi ne a sakandaren jeka-ka-dawo, shekara goma sha bakwai ina riƙe da alli. Na faɗi haka ne don ku san girman kunyar da na sha a hannun matar da ba ta taɓa zama a bencin makarantar boko ba. Jirgin sama ma ba ta taɓa shiga ba. In 'ya'yanta sun yi mata maganar Umara sai ta ce ranar da aka kira ta za ta amsa, yanzu dai a matsa mata tana da tukunya a wuta.

Sana'arta fura, fiye da shekara talatin. Mijinta marigayi Abdulkabir direban bas ne tsakanin Tsanyawa da Kano, kuma lokacin aikin Hajji shi yake kwasar maniyyatan yankinmu zuwa sansanin alhazai. Mutane kan yi kwana uku ko huɗu a can suna jiran jirgi, sai ya riƙa kai musu dambun nama da alkaki da yaji da garin kunu daga hannun matarsa. Da ya rasu motar ta tsaya, guzurin bai tsaya ba. Bayan alhazai sai ɗaliban Sudan da Masar suka biyo, sai 'yan kasuwar Dubai da na Sin, sai kuma masu kai marasa lafiya Indiya. Daga Bagwai ana zuwa, daga Bichi ana zuwa, har wani Alhaji daga Gezawa yakan turo mota takanas.

Dambu da alkaki ba su da matsala, sai su yi sati. Fura ce mai rigima. Kuma ita mutanenmu suka fi nema in sun yi nisa da gida.

Sau ɗaya fura ta taɓa kunyata Goggo. Wata maƙwabciyarta ta roƙe ta ta yi wa ɗanta da ke karatu a Khartum, wani ɗan kasuwa zai wuce da ita. Goggo ta tambaya aka ce tafiyar awa uku ce da wani abu, ta ce ai ko Kaduna ta fi haka wahala. Ta kirɓa, ta cura, ta ƙulle a leda. Ashe tikiti mai araha mutumin ya yanka, sai da aka zaga da su wata ƙasa suka yini suka kwana a kan benci. Da aka kwance ledar a Khartum sai da aka buɗe tagogi. Mutumin da ya dawo bai rufa mata asiri ba, a kasuwa ya zauna yana ba da labari ana ƙyaƙyata dariya. Goggo ta yi kwana biyu ba ta leƙa ko zaure ba.

Daga ranar ta ɗauki wata ɗabi'a da ban taɓa ganin irinta wajen kowa ba. Duk furar da za ta hau jirgi, biyu take curawa daga turmi ɗaya. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna a kan faifai kusa da randa, ita take kira 'yar zaman gida. Sharaɗinta ga matafiyi ɗaya ne: da ƙafarka ta taka masauki, ka kira ta. Kana kira za ta ɗaga kai ta dubi agogon bangonta, ta gutsuri 'yar zaman gida ta sa a baki. Ta haka ta san awa nawa tafiyar ta ci, ta kuma san halin da furarta ta isa. Kafin waya ta wadata, jira take mutum ya dawo ta tsare shi da tambaya har ya gaji ya ce yana da uzuri.

Shekara da shekaru tana haka, har duniya ta zauna mata a ka. Tambaye ta Jidda, za ta ce awa biyar ba kaɗan, fura tana isa da zaƙinta. Alƙahira huɗu da rabi. Dubai in ta Habasha za a bi, huɗu da rabi, da zaman jira, da wasu huɗun, sai dai a sha a ranar. Sin kuwa ba ta yarda ma, garin fura take ba ka. Na taɓa nuna mata taswira a waya don in burge ta, na ce ga Yamai nan kusa da mu, ta fi Legas kusa. Ta ce, "To sai me? Wani malami da ya je taro can da jirgi sai da aka kai shi wata ƙasa ya yini, ya isa bayan wanda ya tafi Makka. Fura ba ta san kilomita ba, Khalilu. Zaman jira ta sani."

Haka take magana, ba ta tauna ta. Ni ma ba na tauna tawa, shi ya sa muke yawan karawa. Mahaifiyata tana cewa zuciyar Goggo na ɗauko.

To, a bazarar bara aka kai Baba Delhi aikin zuciya. Yadda aka haɗa tafiyar wani labari ne daban. Ƙanena Zubair ne ya raka shi. Aiki ya yi kyau, likitoci suka ce sun gama nasu, saura ya ci abinci ciwo ya warke. Sai Baba ya ƙi ci. Ba gardama ba ce, ransa ne ya ƙi karɓa. A kawo shinkafa ya kau da kai, a kawo romo ya kau da kai. Kurɓin shayi biyu, shi ke nan an yini. Kwana tara ana haka, sai ƙarin ruwa ke riƙe da shi. Zubair ya samo gero a kasuwar can, don Indiyawa ma suna nomansa, wata Bakanuwa da ke jinyar mijinta a asibitin ta taimaka ta yi fura. Baba ya sa a baki, ya yi mata godiya, ya ture kofin.

Ranar Talata Zubair ya kira ni ta bidiyo. Wallahi da na ga fuskar Baba sai da na zauna. Mutumin da yake yini a gona yana da shekara saba'in da huɗu, ya dawo ya ba da karatu a zaure har isha, shi ne wuyansa ya koma kamar sillen kara. Zubair ya fita waje ya ce mini likita ya ba da kwana uku. In bai fara ci ba za su zura masa robar abinci ta hanci, Baba kuma ya rantse in suka sa zai fizge. Na ce ya mayar da wayar wajen Baba. Na ce, "Baba, me ranka yake so? Ko mene ne." Ya dube ni, ya ce a hankali, "Furar Safara'u."

Dama an riga an yanka mini tikiti na ranar Alhamis, zan je in karɓi Zubair ya dawo bakin aikinsa. Laraba da la'asar na ɗauki takardar na nufi gidan Goggo. Amma ba roƙon fura na je ba. Na je ne in gaya mata ba zai yiwu ba, don na riga na zauna na yi lissafina a bayan takardar, da jan biro ma.

Na same ta tana bakace. Ashe Zubair ya riga ya kira ta, har ta aika an buɗe rumbun Baba an ɗebo gero an surfa.

Na ce, "Goggo, ki daina wahalar da kanki. Gari za ki ba ni."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Karanta mini."

"Jirgi zai tashi Kano ɗaya da rabi na rana. Zai sauka Adis Ababa, babban birnin Habasha, takwas na dare. Wani jirgin ya ɗauke mu sha ɗaya, mu sauka Delhi takwas na safe. Daga ɗaya da rabi zuwa takwas na safe awa goma sha takwas da rabi ke nan. Daga turminki zuwa tashin jirgi awa shida. Daga saukarmu zuwa gadon Baba a ce uku. Ashirin da bakwai da rabi. Ke da bakinki kika ce a bazara furarki ba ta wuce kwana ɗaya cur. In kai wa mai ɗinki a ƙirji tsamammiyar fura? Ke kin san ko yana lafiya ba ya shan mai tsami."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Kano zuwa Habasha awa nawa ka ce?"

"Ɗaya da rabi zuwa takwas, shida da rabi mana."

"Ƙarya ne."

Kai! Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Goggo, takarda ce fa a hannuna! Na'ura ce ta buga, ba ni na zana ba!"

"Na'urar ba ta yi ƙarya ba, mai karatun ne. Alhaji Sha'aban na Bagwai sau tara yana bin hanyar nan da furata, huɗu da rabi ne. Ko jirginka jaki ne zai ja shi?"

Matata Rahmatu ta zo taya aiki tana gefe tana tsince gero, na ji ta ƙunshe dariya. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na miƙe tsaye, na ce shekara goma sha bakwai ina koyar da ɗebewa da tarawa, ba yau za a koya mini ba, kuma rayuwar mahaifina ba abin gwaji ba ce. Goggo ta bar ni na gama tas. Ta yi mini kallon sama da ƙasa, ta ce, "Mahaifinka yayana ne tun ba a san za a haife ka ba. Zauna."

Na zauna.

"In ka idar da azahar ka kira Zubair, me yake cewa yana shirin yi?"

"Magariba."

"To wannan takwas ta safen da ke jikin takardarka, takwas ɗin wa ce? Taka ko tasa?"

Jama'a, ta kama ni. Kullum ina kiran Zubair, kullum ina sane da cewa rana tana riga mu faɗuwa a can. A aji ma na sha faɗa wa yara. Amma da aka miƙo mini tikiti, karo na farko a rayuwata, sai na ɗauki agogon Kano na ɗebe daga agogon Delhi kamar a bango ɗaya aka rataye su.

Goggo ta ce ita ma an taɓa yi mata. Wani Alhaji ya kira daga Jidda ya ce sun sauka ƙarfe bakwai, alhali rediyonta yana cewa biyar. Ta ɗauka rainin hankali ne, sai da ta aika aka tambayo Baba ya yi mata bayanin rana. Tun daga lokacin ba ta ƙara tambayar matafiyi ƙarfe nawa ba, agogonta kawai take duba. Ta ce, "Habasha sun riga mu da awa biyu. Indiya da huɗu da rabi. Rabin nan ya daɗe yana ba ni haushi, sai da Hajiya Tahira ta kai mijinta sau uku na tabbatar haka abinsu yake."

Sai ta buɗe tafin hannu tana bin gaɓoɓin yatsu yadda take tasbihi. Turmi zuwa tashi, shida. Kano zuwa Habasha, huɗu da rabi. Zaman jira, uku. Habasha zuwa Delhi, shida da rabi. Fita da mota zuwa asibiti, uku. Ta rufe hannun ta ce, "Ashirin da uku. Awa ɗaya ta rage mana ta lalurar hanya. Za ta isa."

Na sake bi da biro, ko zan samu inda ta zame. Babu. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri." Ta ce haƙurin me, in tashi in je in sayo mata farin yadi sabo kafin shago ya rufe.

Alhamis ana idar da sallar asuba ta hura wuta. Na tsaya ina kallo, don ban taɓa lura da yadda take furar tafiya ba. Turmin ma sai da ta ƙona shi da tafasasshen ruwa, haka taɓarya, haka ƙoƙon da za a zuba. Citta kaɗan ta sa da kanumfari, barkono ko ƙwaya, ta ce mai ɗinki ba ya son tari. Ta bar curin a tukunya ya daɗe fiye da na sayarwa, har Rahmatu ta ce ai ya nuna, ta ce ya nuna na shan yau. Su biyu suka kirɓa, tana hana kowa sa hannu a ciki. Ba ta yi ƙananan curi irin na kasuwa ba, manya biyu ta yi, kowanne ya cika hannu biyu, ta ce daga bayan curi tsami yake farawa, babba ya fi kare cikinsa. Ta mirgina su a garin da ta soya a busasshen kasko. Ta naɗe ɗaya a farin yadin, wanda ta dafa ta shanya tun jiya, ta sa a ƙoƙo, ta ɗora ɗan ludayi a kai, ta ɗaure. Ɗayan ya hau faifai kusa da randa.

Ta ce, "Leda kada ta kusance ta, gumi take sa ta. Kada ka ba su su jefa cikin manyan kaya, a hannunka za ta zauna, in ka shiga ka sa ta gindin ƙafarka. Nono kada ka ɗauka, ƙwacewa za su yi, kuma can suna da kindirmo mai kyau. Agogon hannunka ka bar shi a lokacin gida, ko wa ya ce ka juya kada ka juya." Ta ɗaga kai ta dubi bango. Bakwai da rabi. Ta ce, "Na fara ƙirga. Allah ya kiyaye hanya. Ka ce da Yaya ina gaishe shi."

Sai ta juya tana faɗa da kaji.

Muka bi ta Bichi, muka ci cunkoson Dawanau, na isa filin jirgi goma saura. A wajen na'urar duba kaya wata jami'a ta ce mene ne a ƙoƙo. Na ce fura ce, mahaifina ne ba shi da lafiya. Ta ɗaga gefen yadin kaɗan, ta shaƙa, ta mayar ta ce Allah ya ba shi lafiya. Tashin jirgi kuwa kada ku tambaye ni. Duk addu'ar da Baba ya koya mini sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Amma idona yana kan agogo. Tayar jirgi ta taɓa ƙasar Habasha, na duba, ƙarfe shida daidai na gida. Huɗu da rabi, ko minti goma bai ɗora ba. Kilomita dubu uku da ɗari uku, mace tana zaune kusa da randa a Tsanyawa ta faɗe su daidai. Na yi dariya ni kaɗai har na kusa da ni ya juyo.

Dariyar ba ta daɗe ba. A Habasha aka ce jirgin Delhi zai yi jinkirin awa biyu. Awa ɗaya muke da ita, aka cinye biyu. Na je na sauke wa wani ma'aikaci duk Turancin da na tara tun daga firamare, ya saurare ni da ladabi, jirgi dai bai tashi ba sai da lokacinsa ya yi. Awa shida da rabin nan na sama ban runtsa ba, ƙoƙon yana tsakanin ƙafafuna. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Ina ta ganin na kwance yadin a gaban Baba ya shaƙa ya kau da kai, daga nan kuma sai roba.

Muka sauka goma na safe agogonsu. Jami'in kwastan ya tambayi ƙoƙon, na ce dafaffen gero ne na mara lafiya, ya duba takardar asibitin da ke hannuna ya ce in wuce. Zubair yana jira da tasi. Muka rungumi juna, ya rame shi ma. Motocin garin nan sun sa na daina zagin Dawanau. Lokacin da muka tsaya a barandar ɗakin Baba, agogon hannuna yana cewa takwas da rabi na safe. Awa ashirin da biyar.

Ban shiga ba. Na kira Goggo, bugu ɗaya ta ɗauka.

Na ce, "Goggo, mun iso, amma an yi mana jinkiri. Mun wuce."

"Na sani, ina kallon agogo. Tsaya." Na ji motsin faifai. Na ji tana taunawa. Zubair ya kafe ni da ido. Ta ce, "Bayanta ya fara juyawa." Na ji ta sake gutsura, ta ɗan daɗe. "Cikin lafiya lau. Kuma tawa a zafin Tsanyawa ta kwana, ko fanka babu. Taka a sanyin jirgi ta kwana, ta fi tawa. Wanke hannunka. Ka samu wuƙa mai tsabta ka fere bayan kaurin yatsa, ka zubar, kada ka ji tausayinsa. Ka ɗanɗana cikin da kanka ka gaya mini."

Wata nas ta ba mu wuƙa da faranti. Na kwance yadin, ƙanshin citta da gero ya tashi a barandar nan, sai na ji kamar a tsakar gidanmu nake. Na fere, na gutsuri tsakiyar na sa a baki.

Na ce, "Goggo, garau take."

Ta ce, "Da me ka zata? Dama masa."

Likita ya zo ya duba, ya tambayi abin da ke ciki, ya ce a dama da dafaffen ruwa da kindirmon asibiti, a fara da rabin kofi. Sai ga wata sabuwa: ni ban taɓa dama fura ba tun da uwata ta haife ni, Zubair ma haka. Ƙato da ni, na durƙusa a baranda da ƙoƙo da ludayi, waya a kunne, Goggo tana ba da umarni daga Tsanyawa. "Ruwa kaɗan tukuna. Murƙushe da bayan ludayin. Ka bar gudaji ka gani, Yaya ba ya son gudaji. Haba Khalilu, ina jin ƙarar ludayin nan, dama kake ko faɗa?" Da ta gamsu ta ce in kashe waya in shiga, in kira ta bayan nan.

Baba yana kwance ido a rufe. Na yi sallama na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ƙyar, ya dafa kaina. A gefen gado ga tiren abincin rana an ajiye, shinkafa da miyar wake, ba a taɓa ba. Na matso da ƙoƙon kusa da fuskarsa. Hancinsa ya motsa. Ya buɗe ido ya dubi ƙoƙon, ya dube ni. Ya ce da Zubair, "Tayar da ni."

Muka jingina shi da matashi. Na ɗebo a ludayi zan kai masa baki, ya karɓe da hannunsa. Ya yi bismilla. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake ɗebowa. A na uku ya ce, "Geron gonar bakin rafi ne." Na ce shi ne, Baba. Ya ci gaba da sha. Rabin kofin likita ya wuce, nas ta matso za ta yi magana, likitan ya ɗaga mata hannu. Sai da ludayi ya fara kankarar ƙoƙo sannan ya tsaya, ya yi hamdala, ya goge gemu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya ɗan huta. Can ya juya ya dubi tiren nan, ya ce, "Zubair, miƙo mini abin nan nasu mu gani."

Zubair ya miƙa masa, ya fita da sauri, ina jin kukansa daga baranda. Ni na zauna na riƙe tiren, Baba ya ci loma bakwai. Farin cikin da na ji a lokacin ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka yi mini haihuwar fari.

Na fita na kira Goggo. Na ce, "Ya shanye. Har ya ci shinkafa."

Shiru. Na duba wayar ko ta katse, ba ta katse ba. Na ce, "Goggo, kina ji?" Ta ce, "To." Sai ta kashe.

Daga baya Rahmatu ta ba ni sauran labarin, don tana wajen. Ta ce Goggo ta ajiye wayar, ta zauna a kan turmi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka mai sauti har maƙwabta suka shigo a guje sun zata rasuwa aka yi. Da ta share ido ta ce a fito da furar sayarwa ta ranar gaba ɗaya a ajiye a zaure. Duk wanda ya zo da kwanonsa ta cika masa, ya miƙo kuɗi ta ture hannun, ta ce a dai yi wa yayanta addu'a. Labari ya zaga unguwa, kafin azahar ƙwarya ta ƙare tas, ga mutane a tsaye har bakin titi. Rahmatu ta ce mata to a ba su haƙuri. Goggo ta ce a ba wa wa haƙuri, ta ɗaura ɗamara ta sake ɗora tukunya.